Ranar da Aka So Ba Mis Ozella Allo

A garinmu Cane Landing, idan ka ji ana shirin yi maka allon yabo, to ka fara tattara kayanka. Allon na katako ne mai ƙyalli, da ɗan farantin tagulla a tsakiya wanda aka zana sunanka a kai. Za a kira ka gaban jama'a, a yi jawabi, a tafa, mata su share hawaye, washegari kuma ka tarar da wani a kan kujerarka. Haka aka yi wa mai kaɗa piyano a cocinmu, haka aka yi wa direban motar makaranta. Ba mugunta ba ce. Mu dai ba mu iya duban tsoho mu ce masa ya gaji ba, sai mu sa tagulla ta faɗa masa.

Ni akawu ne a ofishin rajistar motoci, kuma ni ne sakataren ƙungiyar 'yan kwana-kwana ta sa-kai ta garinmu, saboda haka duk allon da aka yi a 'yan shekarun nan ta hannuna ya bi. Na Mis Ozella Pruitt ne kaɗai ya zo da gardama. Abin da na gani da idona zan faɗa, abin da ya faru kafin zamanina kuma daga bakinta na ji shi, na kuma tambayi wasu suka tabbatar.

An haifi Ozella a wata gona da ke kan tudu, ba nisa da kogin Tennessee. Ita ce babba a ɗakinsu. Kakarta ce ta koya mata yin biskit, irin namu na karin kumallo, mai laushi mai tashi, wanda ake tsagawa da yatsa yana tururi a malala masa farar miya. Tsohuwar tana da wani dogon akushi da ba a taɓa barinsa babu fulawa ba. Sai ta yi rami a tsakiyar fulawar, ta jefa man shanu mai sanyi ta murtsuke shi da 'yan yatsu, ta zuba nono mai tsami, ta riƙa jawo fulawa daga gefe har ƙullun ya ƙoshi. Babu awo, babu cokali. Ozella ta fara yi tun tana hawa kan akwati kafin hannunta ya kai tebur, kuma akushin ita ta gada.

Ta auri Burl Pruitt, ma'aikacin injin yanka katako, suka haifi 'ya'ya maza biyu. Da gungume ya faɗo wa Burl a ƙugu aiki ya gagare shi, sai ta nemi aikin kuku a jirgin da ke tura kwale-kwalen hatsi da gawayi a kogi. Wata ɗaya a ruwa, wata ɗaya a gida, sama da shekara ashirin. Burl ne ya riƙe yaran. Wake kaɗai ya iya dafawa, kuma har yau 'ya'yan nan ba sa son a ambaci wake a gabansu.

Ma'aikatan kogi suna da labaranta da yawa. Wanda aka fi maimaitawa shi ne na wani sabon kyaftin da ya ce biskit ɗin mahaifiyarsa ya fi nata tashi. Sai ta koma ba shi burodin kanti shi kaɗai, sauran mutane suna tsaga biskit a gabansa, har ranar da ya zo ƙofar kicin da hularsa a hannu ya ce ai ya tuna, na mahaifiyar tasa da shi suke jifan karnukan maƙwabta.

Abin da take alfahari da shi ba ɗanɗano kaɗai ba ne, har da sura. Da gwangwanin madara da aka cire wa murfi take yanke ƙullun, ta danna shi tsaye ba murɗawa, kowane biskit ya fito da'ira kamar ɗan'uwansa. Wanda ya karkace ba ya ganin tebur, ta taga take wurga shi. Takan ce kifayen kogin nan sun ci abincinta fiye da wasu dattawan coci.

Bayan ta bar jirgi, Burl kuma ya rasu, sai ta karɓi karin kumallon mafarauta. Ranar Asabar da ake buɗe farautar barewa a watan Nuwamba, mazan garin suna shiga daji da asuba, da hantsi kuma su gangaro zauren 'yan kwana-kwana cikin rigunansu masu ruwan lemo, hanci na zuba, kowa da ƙaryarsa. A nan suke tarar da Mis Ozella a gaban murhu. Miyar da niƙaƙƙen naman barewar bara take yinta, wanda aka haɗa da kitsen sa. Ta soya shi, ta barbaɗa fulawa, ta tsiyaya madara tana juyawa, sannan ta zuba masoro har sai na bakin ƙofa ya yi atishawa. Ba ta zama. Tire na fita, wani na shiga.

Bara ne muka lura da hannunta. Sanyin ƙashi ya kumbura mata gaɓoɓin yatsu, wasu har sun karkace. Man shanun da take murtsukewa kafin ka ƙifta ido ya zama aiki, mutane suka yi ta shan kofi suna jira, tire guda kuma ya suɓuce mata ya kife a ƙasa. Kowa ya duba wani wuri.

Da muka yi taro a watan Oktoba, shugabanmu Hoyt Tidwell, mai shagon tayoyi, mutum mai taushin zuciya, ya daɗe yana juya hularsa kafin ya ce, "Lonzo, rubuta. Allo." Aka amince Darlene, matar babban ɗanta, ita za ta karɓi kicin.

A kan allo cikakken suna ake sawa, ni kuma ban san sunanta na tsakiya ba. Na je gidanta da yamma bayan na tashi daga ofis, na same ta a baranda da kwanon gyaɗa. Na tambayi lafiyar kajinta, na yaba furanninta, sannan na jefa tambayar kamar ba komai.

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. "Lonzo, takardun motata sun ƙare ne?"

"A'a, Mis Ozella, komai nata daidai yake."

"To mutuwa na yi ba a gaya mini ba?"

"Haba, Mis Ozella."

"Abu biyu ne ke sa a nemi cikakken sunan mace a garin nan, dutsen kabari da allo. Wanne Hoyt ya aiko ka?"

Na ce allo ne. Ba ni da wata hanya, don tun ina ƙarami ta san fuskata.

Ta kalli hannuwanta. Sannan ta ce, "Fern. Ozella Fern Pruitt. Je ka a zana, kada a ce na hana ka aikinka. Amma ka gaya wa mai tayan nan karin kumallon bana nawa ne. A ci tukuna. In aka tashi akwai wanda bai gamsu ba, ya miƙo allonsa, zan karɓa har in yi murmushi a ɗauki hoto. In kuwa kowa ya gamsu, ya san inda zai kai shi."

Na kai wa Hoyt saƙon kamar yadda aka ba ni. Ya ce ya yarda, don ba shi da ƙarfin halin da zai ƙi.

Darlene ba ta son kujerar surukarta, tsoronta ma take ji. Ita ce ta kawo shawarar kasarol, wato a haɗa komai a tire ɗaya mai zurfi a gasa: gutsattsarin biskit a ƙasa, ƙwai da madara a kai, sannan miya da cuku. Ta zo gidan Mis Ozella da kayanta don ta nuna, har da biskit na gwangwani, irin wanda ake bugawa a gefen tebur ya fashe. An gaya mini da ta buga shi ya yi ƙara, Mis Ozella ta dafe ƙirji ta ce, "Darlene, 'yar nan, abin da sai an doke shi yake fitowa ba abinci ba ne, ɗan haya ne."

Duk da haka ta ci loma biyu. Ta ajiye cokali ta ce dabarar tana da kyau, biskit ɗin ne ba shi da uwa.

Daga nan aka shiga gwaji, ni kuma aka naɗa ni mai ɗanɗanawa, wai don ban iya ɓoye abin da ke raina ba. Murtsuka da naɗi da yanka su ne suka fi ƙarfin hannunta, amma tana iya riƙe babban cokali idan ta damƙe shi da tafin hannu. Sai ta narkar da man shanun ta zuba shi cikin nono mai sanyi sosai, ya dunƙule ƙanana-ƙanana da kansa, ta juye a akushi ta juya da cokali. Ƙullun ya fito da ruwa-ruwa, ba ya yankuwa, sai dai a ɗiba a yaɓa a tire.

Na farko da aka ba ni, samansa ya yi ja gwanin kyau, cikinsa kuwa ɗanyen ƙullu ne. Na yi ta taunawa ina neman abin faɗa.

"Tofar, Lonzo, kafin ka mutu mini a kicin," in ji ta.

Na biyu ta bar shi ya daɗe a oben don cikin ya nuna, ya fito da gefe kamar tubali. Darlene ta ce a rage madara, Mis Ozella ta ce a rage surutu. Akwai wanda aka kai wa kaji ban ma gan shi ba. Sai a mako na uku ta gane inda matsalar take: ƙullun yana buƙatar ya fara tsayawa da ƙafarsa kafin a jiƙa shi. Ta yaɓa shi a tire ta gasa shi rabi shi kaɗai, ta fito da shi, ta zuba ƙwan da aka kaɗa da madara ya shiga tsakankani, ta malala rabin miyar, ta barbaɗa cuku, ta mayar. Sauran miyar kuma a tukunya, kowa ya ƙara da ludayi. Wannan na cinye rabona na miƙa faranti.

Abu ɗaya na lura da shi a duk zuwan da na yi. Idan ta fito da tiren bayan gashin farko, sai ta juya mini baya ta tare shi da jikinta. Sau ɗaya na leƙa. Dunƙule-dunƙule ne masu ƙusoshi da ƙahoni, babu biyu da suka yi kama.

"Kau da idonka," ta ce. "Ba a kallon mutum kafin ya sa riga." Ta yi sauri ta rufe su da miya.

Ranar buɗe farauta ta zo da sanyi mai shiga ƙashi. Hoyt ya iso da wata jakar takarda ya tura ta ƙarƙashin kujerarsa, kowa ya gani, kowa ya yi kamar bai gani ba. Mafarautan farko da suka shigo, waɗanda ba su ga ko wutsiyar barewa ba, suka tsaya a kan tiren suna kallo.

"Mis Ozella, mene ne wannan?"

"Abinci ne. In ba ka gane shi ba, koma daji ka ci ganye tare da waɗanda suka fi ka wayo."

Suka ci. Aka daina magana, sai ƙarar cokula. Babu wanda ya jira, don tire huɗu suna oben a kan ƙaramar wuta, Darlene tana fitowa da su ɗaya bayan ɗaya. Wani abu kuma ya bayyana wanda ba mu taɓa tunaninsa ba. Shekara da shekaru, wanda ya harbi barewa shi ke cin abinci mafi muni, domin kafin ya feɗe ta ya jawo ta zuwa mota, biskit ya huce, miya ta yi fata. Bana waɗanda suka makara da jini a hannun riga suka tarar da abinci yana tururi. Na ga Hoyt ya tura jakar can ciki da dunduniya.

Na ƙarshen shigowa shi ne Arvel Pruitt, ƙanin marigayi Burl, wanda tun ranar da aka kawo Ozella gidansu yake tsokanarta bai huta ba. Ya shigo yana shelar ƙahonin barewarsa tun daga ƙofa.

"Matar yaya, an ce kin daina girki kin koma gini. Ina tubalin?"

"Zauna, tsohon banza. Barewar ma da ka samu, tsufa ne ya kashe ta, kai dai ka tsinta."

Ya ci faranti biyu ya suɗe cokali. Sannan ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da kwalbar zumar takanɗa ya dire a tebur, ya jawo man shanu, ya waiga dama da hagu.

"To, ina na rufewa?"

A wurinmu ba a tashi daga cin biskit da miya sai an rufe da guda ɗaya wanda miya ba ta taɓa ba. A kwaɓa man shanu da zumar takanɗa a gefen faranti da cokali mai yatsu, a tsaga biskit a dangwala. Sauran mutanen sun ji rashinsa, kunya ce ta hana su tambaya. Arvel kuwa bai san allo ake ciki ba, don ba ya zuwa taro.

Mis Ozella ba mantawa ta yi ba. Daga baya ta gaya mini fata take yi a wuce wurin ba a tambaya ba. Ta tsaya da ludayi a hannu. Yarjejeniyar a fili take, ga mutum guda bai gamsu ba, kuma a gaban kowa. Hoyt ya sunkuya a hankali kamar mai ciwon baya, hannunsa ya nufi ƙarƙashin kujera.

A bayanta akwai tire na ƙarshe, an yi masa gashin farko, an rufe shi da tsumma ana jiran a zuba masa ƙwai da miya. Ta dube shi ta daɗe.

"Darlene," ta ce, "mayar da wannan oben."

"Haka nan, Mama? Ba miya?"

"Haka nan. Ki shafa masa man shanu a kai. Kai kuma Hoyt, ɗago, kada jini ya taru maka a ka."

Ba a daɗe ba aka fito da shi. Ita da kanta ta ce a ajiye shi a tsakiyar babban tebur, inda kowa zai gani. Sun yi ja, sun tashi, amma kowanne da inda ya nufa. Matar da ta yi shekaru tana wurgar da biskit saboda ɗan karkacewa ta tsaya a kansu ta naɗe hannu, kunnuwanta sun yi ja.

Arvel ya ɗauki ɗaya ya juya shi sama da ƙasa. "Ikon Allah. Matar yaya, wannan kan kyanwa ne, ko kwaɗo mota ta taka?"

"Hotonka ne. Na so in yi mai kyau, sai ka faɗo mini a rai."

Dariya ta ɓarke har da masu buga tebur. Arvel ya ɓare shi, tururi ya tashi, ya dangwala a zumar ya kai baki. Ya tauna, ya lumshe ido, ya sake dangwalawa.

"Kai, jama'a," ya ce da cikakken baki, "ashe cutarmu take yi tun da can. Wancan mai santsin, zuma zamewa take yi a kansa. Wannan kuwa duk lungu ne, ga ƙusoshin nan suna ƙaras-ƙaras. Miƙo mini wancan mai kama da Hoyt."

Kafin ya rufe baki hannuwa sun rufe tiren. Ni kaina da ƙyar na sami wani ɗan ƙarami daga kusurwa. Kwalbar Arvel ta zaga zauren ta dawo masa rabi, yana ta ƙorafi ba mai sauraronsa.

Hoyt ya miƙe tsaye, don an riga an sa shi a tsarin taro cewa zai yi jawabi. Ya yi gyaran murya, ya dubi jakar, ya dube ta, ya ce shi dai yana so ya tunatar da jama'a a riƙa duba iskar taya lokacin sanyi. Ya zauna. Aka tafa masa sosai.

"Tunda ka gama," in ji Mis Ozella, "ga nawa jawabin. Juyawa zan iya, zubawa zan iya. Ɗaga tire ne ba zan ƙara yi ba, ya fi ƙarfina, na faɗa da bakina kowa ya ji. Darlene tana da yara, ba za ta wuni a nan kullum ba. Kai Hoyt ba farautar kirki kake yi ba, daga bana kai ne mai ɗaukar tire. Lonzo, rubuta."

Na rubuta. Babu wanda ya ƙi, shi ma Hoyt ya ɗaga hannu.

Daga nan sai ta waiga ta ga babu abin da ya rage a yi a gaban murhu. Babu ƙullun da ke jira, babu tiren da za a juya. Ta yi tsaye kamar baƙuwa a kicin ɗinta. Darlene ta jawo kujera ta ajiye kusa da Arvel, ta kama kafaɗarta ta zaunar da ita. Tsofaffin wurin sun ce tun da aka fara wannan karin kumallo ba su taɓa ganinta a zaune ba.

Aka zubo mata kasarol ɗin a faranti, Arvel ya turo mata kwalbarsa ba tare da ya dube ta ba. Ta ɗiba da cokali ta ci, muna ta satar kallonta. Ta tauna a hankali, ta haɗiye, ta kurɓi kofi.

"Masoro ya yi kaɗan," ta ce. "Duk kun zauna kun cinye, ba wanda ya iya buɗe baki ya faɗa. Baɗi zan gyara."